Tarihin Likita Sheila Sherlock, Malamar Ciwon Hanta

Duk wanda ya tashi a ƙauye irin namu na ƙasar Gezawa ya san hanta tun yana yaro, amma a faifan mahauci ya san ta, ko a tukubar mai tsire ran kasuwa, ko kuwa ran Babbar Salla, sa'ad da a ke fara gasa ta kafin a taɓa sauran nama. Wadda ke cikin jikinsa kuwa ba ya tunawa da ita sai ran da idon wani nasa ya koma rawaya, fitsarinsa ya yi ja kamar shayi. Sai a ce shawara ce, a shiga daji a tono saiwar rawaya a jiƙa masa. Da yawa su kan warke. Waɗansu kuwa, bayan shekaru, sai a ga ciki ya kumbura, ƙafafu sun kumbura, wuya ya rame, a yi ta raɗe-raɗin an ba su wani abu sun ci. Na ga haka da idona ga wani baffana, manomi ƙaƙƙarfa wanda bai cika arba'in ba. Ya kwanta da kaka, bai ga shuka ba. Allah ya jiƙansa.

Wannan ne ya sa, da aka ce kowa ya kawo tarihin wani mashahurin mutum, na zaɓi na wata Baturiya likita, Sheila Sherlock, wadda ta ƙare zamanta wajen binciken hanta da koyar da ilminta. Ko da ya ke aikinta na asibiti ne, ina gani mu da mu ke koyon aikin malanta muna da rabo a labarinta, gama yawancin abin da ta bari a duniya ta hannun almajiranta ta bar shi.

An haife ta a birnin Dublin na ƙasar Ailan ran 31 ga Maris 1918. Ubanta hafsan soja ne. Tana ƙarama aka koma da ita Ingila, ta yi karatu a wata makarantar 'yan mata a garin Folkestone, a bakin teku. Da ta gama ta ce likita ta ke so ta zama, sai ta aika da takardun neman shiga makarantun likita na Ingila, suka ƙi ta. A zamanin nan 'yan gurabe kaɗan a kan ware wa mata, waɗansu makarantun ma ba su karɓarsu sam. Daga bisani Jami'ar Edinbara ta ƙasar Sikotilan ta karɓe ta a 1936. A 1941 aka yi jarrabawar ƙarshe, ta zo ta ɗaya cikin dukan ajinsu, maza da mata, aka ba ta babbar kyautar da a kan ba wanda ya yi fice. Ita ce mace ta biyu da ta taɓa samunta.

To, ga al'ada, wanda ya zo na ɗaya shi a kan fara ba aiki a babban asibitin birnin. Ita kuwa ba a ba ta ba, don ita mace ce. Ku duba fa, 'yan'uwa, Turawan da a kan kafa mana misali da su wajen ilmin mata, ga yadda su ma su ke a shekarar 1941. Sai wani malaminta, Farfesa James Learmonth, likitan fiɗa, ya ɗauke ta mataimakiya. A wurinsa ta koyi yadda a ke shirya bincike, da yadda a ke rubuta abin da aka gano a taƙaice, ba tare da kewaye-kewaye ba. Bayan shekara guda ta tafi Landan, asibitin Hammersmith, wurin Likita John McMichael.

Kafin in ci gaba, ya kamata in ɗan faɗi aikin hanta, don labarin ya fi shiga. Hantar babban mutum ta kai wajen laba uku, tana ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Duk abin da hanji ya tsotsa daga abinci, jini ya kan kwashe shi ta wata babbar jijiya ya kai shi hanta tukuna, kamar yadda fatake ba su shiga birni sai sun bi ta ƙofa an duba kayansu. Can a ke ajiye abin ajiyewa, a sarrafa na sarrafawa, a kashe dafin abin da ke da dafi. Ita ke yin ruwan nan mai ɗaci da ke taruwa a matsarmama, ya zuba cikin hanji ya taimaka wajen narkar da mai. In hanyar ruwan nan ta toshe, ko hantar ta kasa fitar da launinsa daga jini, sai ido da fata su yi rawaya. Hanta tana da haƙuri ƙwarai. Ta kan lalace fiye da rabi mai ita yana noma, bai san kome ba.

Wannan haƙuri nata shi ya hana likitocin dā sanin ciwonta. Ba su ganin hanta sai ta gawa, watau sai bayan cuta ta gama ɓarnarta. Shawarar nan da ta kan kama samari ta sake su bayan 'yan makonni, tun zamanin wani babban malamin Jamus, Virchow, a ke koyar da cewa wai majina ce ta ke toshe bakin hanyar matsarmama. Aka yi shekara saba'in da ɗoriya ana karanta haka a makarantu.

Sa'ad da Sheila ta isa Hammersmith a 1942, Yaƙin Duniya na Biyu ya yi tsanani, shawara kuwa tana kwantar da sojoji dubbai a Arewacin Afirka da sauran wurare. A shekarar nan ma sojojin Amurka wajen 50,000 suka kwanta asibiti da ita, bayan an yi musu allurar rigakafin zazzaɓin shawara wadda aka haɗa da ruwan jinin mutane. Waɗansu kuma suka kamu bayan an yi musu allurar maganin tunjere. Ana cikin haka McMichael ya sa ta koyi wata dabara wadda likitoci biyu na ƙasar Denmak, Iversen da Roholm, suka bayyana a 1939. A kan kashe zafin wurin, a sa majinyaci ya riƙe numfashi, a soka wata allura mai rami tsakanin haƙarƙari, a zuƙo ɗan sili na hanta wanda bai fi zaren tabarma kauri ba. Sai a yanka shi falle-falle, a rina, a duba da madubin likita.

A 1943 ita da McMichael da Farfesa Dible, masanin duban irin wannan yanka, suka buga abin da suka gani a jaridar likitoci mai suna Lancet. Sun tarar babu wata majina. Naman hantar ne da kansa ya ke kumbura, ƙwayoyinsa suna mutuwa, sa'an nan ga mafi yawan mutane su sake tofowa har hanta ta koma kamar ba ta taɓa ciwo ba. Ga kaɗan kuwa sai tabo ya maye gurbin nama. Suka kuma ga shawarar annoba, da ta bayan allurar tunjere, da ta ruwan jini, duk kamanninsu ɗaya ne a madubi. Wannan ya ƙarfafa zaton cewa maganin tunjeren ba shi da laifi, sirinjin da a ke yi wa mutane da yawa allura da shi ba a dafa ba shi ke ɗaukar cuta daga jinin wani zuwa na wani. Tana da shekara 25 a lokacin. A 1945 ta rubuta littafin neman babbar shahadar likita a kan wannan aiki, Edinbara ta ba ta lambar zinariya.

Gaskiya dai, aikin nan yana da hatsari. Hanta cike ta ke da jini, a shekarun farko kuwa akwai waɗanda suka mutu don zubar jini bayan sukar allura, har sai da wani likitan Italiya, Menghini, ya fito da allura mai sauri a 1958 abin ya yi sauƙi. A zamanin kuma ba a cika tsayawa a yi wa majinyaci bayani a nemi yardarsa ba. A 1967 wani likita, Maurice Pappworth, ya buga littafi yana zargin manyan asibitocin koyarwa, har da Hammersmith, da gwaje-gwaje a jikin marasa lafiya waɗanda ba su san abin da a ke yi musu ba. A ganina yana da gaskiya a wannan, kuma wanda ya ba da tarihin mutanen nan ya ɓoye shi bai yi adalci ba. Yau doka ta hana a yi irin wannan gwaji sai da yardar mai jiki.

A 1947 ta tafi Jami'ar Yale ta Amurka ta yi shekara guda. Da ta komo aka naɗa ta malama kuma babbar likita a Hammersmith, tana da shekara 30. A 1951 ta auri Likita Geraint James, Allah ya ba su 'ya'ya mata biyu.

Cikin binciken da ta yi a shekarun nan, wanda ya fi taɓa ni shi ne na ruɗewar hankali. Mai ciwon hanta wanda ya daɗe, wani lokaci sai halinsa ya sake. Ya yi barci da rana ya farka da dare, ya manta hanyar ɗakinsa, ya yi magana ba kan gado, in ya miƙa hannu sai ya riƙa kaɗawa kamar fiffiken tsuntsu, daga nan ya suma. A ƙauye in an ga haka sai a ce iska ce ta shige shi. A Ingila ma an sha kai irin waɗannan mutane gidan mahaukata. A 1954 ita da abokan aikinta suka nuna sanadin abin. In hanta ta ƙandare da tabo, jinin da ya taso daga hanji ba ya samun wucewa ta cikinta, sai ya ratse ta waɗansu ƙananan jijiyoyi, kamar yadda ruwan sama ya kan bar kwata in ta toshe ya shiga gidajen mutane. Ta haka dafin da ke fitowa daga ruɓewar abinci a hanji ya ke isa ƙwaƙwalwa ba a tace shi ba. Tun da an gane daga hanji dafin ya ke, sai a 1957 suka gwada ba majinyata wani magani mai rage ƙwayoyin cutar hanji, mutane suka riƙa farfaɗowa daga suma suna gane iyalinsu. Ta kuma koyar da a rage musu nama da ƙwai ƙwarai, amma wannan likitocin baya sun bar shi, don sun ga yana ƙara ramar da majinyaci. Waɗannan ƙananan jijiyoyi da jini ke ratsewa ta cikinsu, su ne kuma su kan kumbura a ƙasan maƙoshi su fashe, mutum ya yi aman jini.

A 1955 ta buga littafinta a kan cututtukan hanta da hanyoyin matsarmama. Ita kaɗai ta rubuta shi, da gajerun jimloli da zane-zane, yadda likitan da ke asibitin karkara, wanda Turanci ba harshensa ba ne, zai karanta da dare ya yi aiki da shi da safe. Kowaɗanne 'yan shekaru ta kan sake shi, ta zubar da abin da ya tsufa ko da ita ta faɗe shi, ta ƙara sabo. An juya shi cikin harsuna da dama. A 1958 ita da Hans Popper, wani masani ɗan asalin birnin Biyana wanda ya gudu daga mulkin Hitila ya zauna Amurka, suka kafa ƙungiyar duniya ta masu binciken hanta, ita ce shugaba ta farko.

A 1959 aka ba ta kujerar Farfesan ilmin magani a asibitin Royal Free na Landan. Ita ce mace ta farko da ta hau irin wannan kujera a ƙasar Birtaniya duka. Kada ku zaci wani ƙasaitaccen gini aka ba ta. Waɗansu ɗakunan katako ne aka kakkafa a kan rufin tsohon asibitin, sai an hau matakala mai tsawo a ke isa, da sanyi su yi sanyi, da zafi su yi zafi. Nan ta zauna da mutanenta har 1974, sa'ad da asibitin ya tashi zuwa sabon gini a unguwar Hampstead. Ni wannan wuri na labarin na kan tuna duk ran da na ji muna gunagunin ajinmu ba shi da isassun bencina.

Cikin ɗakunan katakon nan aka yi ayyuka masu yawa, ga biyu daga ciki. Akwai wata cuta da ta fi kama mata masu matsakaicin shekaru, ta sa su ƙaiƙayi da shawara, ƙananan hanyoyin ɗaci na cikin hanta ne ke lalacewa. Dā sai an tsaga ciki a ke bambanta ta da toshewar babbar hanya. A 1965 ita da Likita Deborah Doniach da abokansu suka gano wata alama a jini wadda ke nuna cutar, aka huta da fiɗa. A 1971 kuma suka yi gwaji a kan wani ciwon hanta wanda garkuwar jiki ce da kanta ke far wa hantar. Suka raba majinyata kashi biyu, aka ba kashi ɗaya wani magani mai kwantar da garkuwar, suka bi su shekaru suna ƙirga waɗanda suka rayu. Masu shan maganin suka fi tsawon rai nesa. Har yau da irin maganin nan a ke fara jinyar wannan cuta.

Yanzu sai abin da ya fi shafarmu. Wani masani na Amurka, Baruch Blumberg, yana yawon duniya yana tara jinin kabilu don ya ga yadda su ke bambanta. A 1957 ma ya zo Nijeriya, ya ɗebi jinin Filani makiyaya da na dabbobinsu. A 1965 ya ba da labarin wani abu da ya gani a jinin wani mutumin asalin Ostareliya, daga baya aka gane ɓawon ƙwayar cutar hanta ce, wadda a ke kira nau'in B. Nan da nan Sheila ta sa aka riƙa auna jinin majinyatanta. A 1970 ta buga cewa sun sami alamar nan a jinin masu hanta ƙandararriya da masu sankarar hanta. Wannan yana cikin shaidun farko da suka haɗa ƙwayar da sankara. Mutanenta kuma suka nuna cewa ban da ƙarin jini da allura, cutar tana yaɗuwa tsakanin ma'aurata da masu kwana tare. Babbar shaida ta fito daga tsibirin Taiwan a 1981, inda aka bi maza fiye da 22,000, aka ga kusan duk waɗanda suka yi sankarar hanta masu ɗauke da ƙwayar ne.

Ga yadda abin ya ke. In babba ya kamu, kusan kullum jikinsa ya kan kore ta. In jariri ne ya kamu wajen haihuwa, tara cikin goma su kan zauna da ita muddin rai, ba alamar kome, sai bayan shekara talatin ko arba'in ta fito da ɓarnarta. A ƙasashenmu yawanci da ƙuruciya a ke ɗaukarta, daga uwa, ko daga yaro zuwa yaro, ko ta askar da aka yi wa yara da yawa kaciya ko shasshawa da ita. Binciken da Gwamnatin Nijeriya ta yi a 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ita.

Akwai kuma wani abokin ɓarnarta wanda mu 'ya'yan manoman gyaɗa ya kamata mu sani, ko da ya ke ba Sheila ta gano shi ba. A 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. Da aka bincika sai aka tarar wata fumfuna ce da ke kama gyaɗa da masara in ba su bushe sosai ba, ko an ajiye su wuri mai laima, tana fid da dafi mai cin hanta. Wanda ke ɗauke da nau'in B, in kuma yana cin wannan dafi, hatsarin sankararsa ya kan ninku sau da yawa. Mu kuwa mun saba, kyakkyawar gyaɗa ita a kan kai kasuwa, motsattsiya da mai ɗaci a bar wa gida da yara. Allurar rigakafin nau'in B ta fito a 1981, aka fara babban gwajinta ga jariran Gambiya a 1986, Nijeriya ta sa ta cikin alluran yara a 2004. Ta farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, abin da ke da wuya ga matar da ta haihu a ɗaki, tana wankan jego, ba ta fita sai bayan suna.

In muka koma ga koyarwarta, an san ta da zafi. In tana zagayen marasa lafiya, ƙaramin likitan da bai san awon jinin majinyacinsa ba ya kan sha kunya a gaban jama'a, ba ta kuwa son doguwar magana. Amma wanda ya jure, ita za ta ba shi abin da zai bincika, ta gyara masa rubutunsa, ta tura shi ya yi jawabi a taron manya, ta nema masa aiki. Likitoci suka riƙa zuwa daga Turai da Amurka da Asiya da Afirka, su yi shekara ɗaya ko biyu, su koma ƙasashensu su buɗe nasu sashen. Roger Williams, wanda ya kafa sashen hanta na asibitin King's a Landan a 1966, almajirinta ne. Haka Jenny Heathcote, wadda ta shahara a Kanada. Peter Scheuer, wanda littafinsa na duban silin hanta ya zama abin dogaro, a gefenta ya yi aikinsa. Wannan ya tuna mini da yadda malaman zaure a Kano su kan ƙirga salsalarsu, wane ya ɗauka daga wane, har a kai ga shehin farko. Masu ilmin hanta na ƙasashe da yawa, in sun ƙirga tasu, a kanta su ke tsayawa.

A 1978 Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar girma ta Dame. A 1983 ta sauka daga kujerar Farfesa don shekarunta sun kai, amma ba ta bar asibitin ba, ta ci gaba da ganin majinyata da rubutu kusan shekara ashirin. Maƙalolin da ta buga sun wuce 600. Tana da rai aka gano nau'in C a 1989, ta shigar da shi littafinta, amma ƙwayoyin maganin da ke warkar da shi cikin wata biyu ko uku sai bayan ranta suka fito. Babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila, Royal Society, ba ta shigar da ita cikinta ba sai a 2001, tana da shekara 83.

Ta rasu a Landan ran 30 ga Disamba na wannan shekara, da ciwon huhu, mako biyu bayan ita da mijinta sun cika shekara 50 da aure. Bugu na 11 na littafinta, wanda ta gyara tare da abokin aikinta James Dooley, ya fito a 2002. Da aka zo bugu na 12 a 2011, sai waɗanda suka gaje ta suka mai da sunanta cikin sunan littafin.